Yadda Za Ka Yi wa Ɗanka Kayan Miki Ɓera da Hannunka

Ko ka taɓa lura da yara sa'ad da su ke kallon hotunan nan masu motsi na talabijin da wayar hannu, waɗanda a ke kira katun? Sai ka ga sun yi tsit, ko ƙuda ya sauka a bakinsu ba su sani ba. In an gama kuwa, wannan ya ce shi ne wane, wancan ya ce shi ne wane. Wata rana sai ɗanka ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, malam ya ce ranar bikin makaranta ko wa ya zo da shigar wanda ya fi so a cikin katun." To, a manyan kantuna a kan sayar da irin kayan nan ɗinkakku, amma da tsada su ke, yawancinsu kuwa na yadin roba ne mai zafi, wanda ba ya jimre wa wuta. Ga hanyar da za ka bi ka yi masa nasa a gida, da kwali da ƙyalle da allura.

Kada ka ce wannan baƙon abu ne. Da watan azumi, in an kwana 10, yaranmu su kan fita tashe, wani ya manna gemun auduga ya ɗauki sanda ya zama tsoho, wani ya rataya layu da ƙunshe-ƙunshe ya zama mai magani. Ba wanda ya ke sayo musu kayan nan a kanti. Mutanen Amurka ma suna da wani dare nasu, 31 ga Oktoba, wanda yaransu su ke yin shiga iri iri su bi gida gida ana ba su alewa. Ɗinki kuma ba abin kunya ba ne ga namiji a ƙasar Hausa, gama masu ɗinkin riga da wando tun kaka da kakanni maza ne.

Mene ne katun?

Kalmar nan asalinta daga bakin mutanen Italiya ta fito, ma'anarta takarda mai kauri, irin wadda masu zane na dā su ke fara gwada zanensu a kai. A shekarar 1843 wata jaridar ban dariya ta London mai suna Punch ta laƙaba sunan ga zanen barkwanci, har ya bi shi. Abin mamaki, kalmar katan da mu ke faɗa, watau kwalin da a ke zubo madara ko sabulu a ciki, ita ma daga tushen nan ɗaya ta ke. Ka ga ke nan, wanda ya yanka katan ya yi kayan katun bai ɓata hanya ba.

Hoton katun ba motsi ya ke yi da kansa ba. Zane ne da yawa, ko wane ya ɗan bambanta da na bayansa, a ke wucewa da su da sauri a gaban ido, hoto 24 a cikin daƙiƙa ɗaya, sai ido ya ruɗu ya ga kamar abu mai rai. A zamanin dā duk da hannu a ke zana su ɗaya ɗaya. Ko da an ɗauki ko wane zane sau biyu don a rage aiki, minti ɗaya zai ci zane 720. Sai ka auna wahalar mutumin da zai zana fuska ɗaya sau dubu biyar. Sabo da haka masu zanen nan ba su son siffa mai wuya. Su kan gina jiki da da'ira da miƙaƙƙen layi, su ba ko wane ɗan wasa alama biyu ko uku waɗanda za a shaida shi da su daga nesa.

Wannan shi ne asirin aikinka duka. Ba sai ka kwaikwayi ko wane abu ba. Ka nemi alamun nan kaɗan, ka yi su daidai, sauran kuwa idon mai kallo ne zai cika maka.

Za mu ɗauki misali da wani ɓera, domin ba wanda ya kai shi suna, ba kuwa wanda ya kai kayansa sauƙi. Turawa su kan rubuta sunansa Mickey Mouse, mu kuwa sai mu ce Miki Ɓera. Wani Ba'amurke mai suna Walt Disney da abokin aikinsa Ub Iwerks su ka ƙago shi, jama'a kuwa su ka san shi ran 18 ga Nuwamba 1928, ranar da aka nuna majiginsa mai sauti a birnin Niyok. A wurinmu ɓera ɓarawo ne, mai huda buhu, ba mai so ya gan shi a rumbu. Amma wannan ba ya sata, sai fito da rawa da ban dariya.

Alamunsa ga su: kunnuwa biyu manya baƙaƙe, zagayayyu kamar faifai, gajeren wando ja mai manyan maɓallai biyu a gaba, farar safar hannu, manyan takalma rawaya, siririyar wutsiya. Kunnuwa su ne gaba da kome. Masu zane su kan yi su a zagaye ko ta ina ya juya kansa, ko da ta gefe ka ke kallonsa. In kunnuwa su ka yi kyau, rabin aiki ya ƙare. In su ka lanƙwashe kuwa, sai 'yan'uwansa yara su ce ɗanka zomo ne, ya komo gida da kuka.

Abin da za ka tanada

Ka nemi kwali mai tsabta wanda bai jiƙe ba, kada kuwa ya zama wanda aka zubo maganin ƙwari ko takin zamani a ciki. Ka nemi baƙin ƙyalle kamar rabin yadi, ko tsohuwar baƙar riga. Jan yadi na auduga yadi ɗaya, zai isa har ya yi saura. Ɗan farin ƙyalle da ɗan rawaya. Allura, da basilla, da zare baƙi da ja da fari. Almakashi, da alli, da roba ta ƙugu, da gam ko ƙaro da aka jiƙa ya yi kauri. In ba ka da tef na awo, igiya ta isa. Yawancin ƙyallayen nan tela zai ba ka daga ragowar yanka in kuna shiri.

Kunnuwa

Ka fara da awon kan yaro. Ka zagaya igiya ta goshi, ta bisa kunnuwansa, har ƙeya. Kan yaro mai shekara 5 ko 6 ya kan yi wajen inci 20, amma kada ka dogara da wannan, ka auna naka. Ka yanko kwali mai faɗin inci ɗaya da rabi, tsawonsa ya fi awon nan da inci 2. In ka dubi bakin kwali za ka ga 'yan ramuka a jere kamar saƙar zuma. Ka yanka yadda layukan ramukan nan za su gitta faɗinsa, domin ta haka ne zai lanƙwasu ya bi kai ba tare da ya karye ba. Ka naɗa shi a kan yaro, ka bar wurin da yatsanka ɗaya zai shiga sabo da kaurin ƙyalle, sa'an nan ka cire ka ɗinke bakin biyu da basilla.

Ka yanko wani kwalin mai faɗin inci 2, ka ɗora shi ya haye ƙoƙon kai daga kunnen dama zuwa na hagu, ka ɗinke ƙarshensa biyu ga na farko. Yanzu ka sami ƙashin hula. A kan wannan gadar kunnuwan ɓera za su tsaya.

Ka sami murfin gwangwani ko bakin kwano wanda faɗinsa ya kai inci 4, ka kifa a kan kwali ka zagaye da fensir. Kada ka zana da'ira da ka, hannu ba ya yin ta daidai. Ka yi huɗu. A gindin ko wace da'ira ka ƙara ɗan harshe mai tsawon inci ɗaya da faɗin inci 2, ka yanke su tare. A nan kuwa layukan ramukan kwali su tsaya tsaye, daga gindin kunne zuwa sama, don kada kunne ya sunkuya. Ka manna su biyu biyu da gam, amma ka bar harsunan ba ka manna ba. Ka danne da dutse ko turmi su kwana.

Da safe sai sutura. Ga ko wane kunne ka yanka baƙin ƙyalle zagayayye wanda ya fi kwalin da inci ɗaya ko ta ina. Ka bi bakinsa da ɗinki mai tsalle-tsalle, allura ta shiga ta fita, kada ka ƙulle. Ka sa kwalin a tsakiya, ka ja zaren a hankali. Za ka ga ƙyallen ya tattaru ya rungume kwalin ta baya kamar bakin jaka, gaban kuwa ya yi sumul ba tattara. Ka ƙulle, ka yanko wani ƙyallen daidai girman kunne ka rufe bayan da ƙananan ɗinki. Wannan dabara ta fi shafa baƙin fenti nesa, gama fenti ya kan jiƙa kwali ya kumbura, ya kuma ɓata hannu da tufafi.

Yanzu ka buɗe harsunan nan biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar ƙafafun mutumin da ya tsaya da ƙarfi, ka ɗinke su a kan gadar. Amma kafin ka sa allura, ka ɗora hular a kan yaro, ka sa wani ya riƙe kunnuwan, kai kuwa ka ja da baya taki 5 ka duba. In sun matsu a tsakiya ba su yi ba, in sun sauko gefe sun zama na biri. Ka bar tsakaninsu kamar faɗin yatsunka huɗu. In ka ga wurin da ya dace ka yi alama da alli. Daga nan ka lulluɓe ƙashin hular duka da baƙin ƙyalle ciki da waje, don kada kwali ya goge wa yaro goshi. Kada ka sa fil, ko ƙusa, ko waya a ko ina cikin hular nan. Yaro zai yi gudu, zai kuwa faɗi.

Irin wannan hula ba sabuwa ba ce. Tun 1955 yaran da su ke fitowa a wani shirin talabijin na kamfanin Disney su ke sa baƙar hula mai kunnuwa biyu, daga nan ta bazu a duniya.

Wando da sauran kaya

Ka ɗauko gajeren wandon yaron wanda ya yi masa daidai, ka ninka shi biyu ƙafa bisa ƙafa. Ka ninka jan yadi, ka shimfiɗa wandon a kai, miƙaƙƙen gefensa a kan ninkin. Ka zagaye da alli, kana barin inci ɗaya da rabi ta gefe domin ɗinki da yalwa, ta sama kuwa inci 4, gama wandon Miki har bisa cibiya ya ke hawa, ga kuma kalmasar da roba za ta bi. Ka yanka irin wannan guda biyu. Ka buɗe su, ka haɗa fuska da fuska, ka ɗinke lanƙwasassun gefen nan biyu, su ne za su zama ɗinkin gaba da na baya. Sa'an nan ka juya wandon yadda ɗinkin nan biyu za su hau juna a tsakiya, ka ɗinke tsakanin ƙafafu. Ka kalmashe ƙafa da ƙugu, ka zura roba. In wannan ya yi maka wuya, ka kai wa tela yankakke, aikin ɗan lokaci ne a keke.

Maɓallan nan biyu ado ne kurum, ba su ɓalle kome. Ka yanka su da farin ƙyalle ninki biyu, siffar ƙwai, tsawon inci 2 da rabi, ka ɗinke su a tsaye a gaban wando, ɗaya dama ɗaya hagu. Na ƙyalle sun fi na gaske, gama sun fi girma, kuma ƙanen yaro mai rarrafe ba zai tsinke ya haɗiye ba.

Safar hannu tana da labari. Miki na 1928 ba shi da ita, sai a 1929 aka sa masa. A lokacin majigi baƙi da fari ne, in ya ɗora baƙin hannu a kan baƙin ciki sai hannun ya ɓace, shi ya sa aka ba shi fara. Yatsu huɗu ne gare shi a ko wane hannu, don a rage wa masu zane aiki. Kai dai kada ka cusa yatsun ɗanka biyu a rami ɗaya domin kwaikwayo. Ka ɗora hannunsa a kan farin ƙyalle ninki biyu, yatsu a ware, ka zagaye da yalwa, ka ɗinke, ka juya. A bayan ko wace safa ka yi gajerun layuka uku da baƙin zare. In ka rasa lokaci, farar safar ƙafa wadda aka huda wa babban yatsa hanya ta wadatar.

Takalmi kuwa, ka bar shi da nasa wanda ya saba. Ka ɗinka masa riga da rawayan ƙyalle wadda za ta rufe sama kaɗai, da roba a bakinta, ƙasan takalmin ya taka ƙasa kamar kullum. Manyan takalman kwali suna da ban dariya a ido, amma su ne masu fasa haƙori. Wutsiya kuma tsumma baƙi ne a tuƙe kamar igiya, kada ta wuce bayan gwiwa. Ka ɗinke ta sako-sako, in wani yaro ya ja ta tsinke, kada ta kā da mai ita. Ga jiki baƙar riga 'yar shara ta auduga. A hoto ƙafafun Miki baƙaƙe ne har ƙasa, amma in lokacin bazara ne ka yafe dogon wando da dogon hannu, ba wanda zai tambaye ka.

In 'ya mace ce gare ka, hular nan ɗaya ce. Sai ka ƙara jan ƙyalle da aka ɗaure kamar malam-buɗe-littafi a tsakanin kunnuwa, ka yi mata jan buje mai fararen ɗigo-ɗigo. Ta zama Mini, abokiyar Miki.

Abu ɗaya game da haƙƙi. Ka yi wa ɗanka ya sa ya yi wasa, wannan daban. Ka ɗinka da yawa ka kasa a kasuwa da sunan Miki, wannan kuma wata magana ce, domin sunan nan alamar cinikin kamfanin Disney ce. Siffarsa ta 1928 ta fita daga haƙƙin mallaka a Amurka ran 1 ga Janairu 2024.

Fuska

A nan mutane su kan yi kuskure. Kada ka rufe wa yaro fuska da kwali mai 'yan ramukan ido. Ba zai ga gefe ba, ba zai ga mota ko babur ba, zufa kuwa za ta cika masa ido. Leda kuwa ko kusa kada ta je kansa, gama ta kan manne a hanci da baki ta toshe numfashi, yaro ya mutu ba ko ihu. Haka kuma kada ka ɗaura masa igiya a wuya don riƙe hula. In awonka ya yi daidai, hular za ta zauna da kanta.

Ɗigon baƙi a kan hanci ya isa. Ka niƙa ɗan gawayin itace mai tsabta ya yi laushi, ka kwaɓa da man kaɗanya, ka ɗiga masa, da dare a wanke da sabulu. Kada ka yi da baƙin cikin batir wanda a kan shafa wa allon makaranta, ko fentin gida da na mota, ko man takalmi. Har kwalli ma ka bar shi, domin likitoci sun gwada sun tarar yawancin kwallin dutse yana da dalma a ciki, dalma kuwa guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ga hanci kusa da baki. Ka tuna a shekarar 2010 gubar dalma daga ƙurar dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Zamfara.

Wuta

Wannan ya fi duk abin da ya gabata nauyi, sai ka karanta shi sau biyu. Yaro in ya sa kayan wasa ya kan mance da iyakar jikinsa, bai san wutsiya ko buje ya kai ga murhu ba. A Ingila, daren 31 ga Oktoba 2014, wata yarinya mai shekara 8, 'yar wata sananniyar mai gabatar da shirin talabijin, rigar wasanta ta kanti ta shafi kyandir, nan da nan ta kama, yarinyar ta ƙone ƙwarai a ƙafafu. Bayan wannan manyan kantunan ƙasar su ka tsananta gwajin wuta ga irin kayan nan. A gidajenmu kuwa ga murhu, ga risho, ga fitila, ga kaskon mai suya a bakin hanya.

Kafin ka ɗinka ko wane yadi, ka yanki ɗan ƙyallensa ka fita waje, ka riƙe da awartaki, ka kanga masa ashana, da ruwa a kusa. Na auduga zai ci ya zama toka. Na roba kuwa zai narke ya ɗiga kamar kitse, irin wannan in ya narke a jiki ya kan manne a fata. Kada ka ɗauka auduga ba ta ƙonewa, tana yi, amma mai saƙa matsattsiya ta fi jinkiri. Yadi mai shara-shara kamar gidan sauro, da mai gashi-gashi, da sabin auduga, da soson katifa, waɗannan su ne abincin wuta, kada ka cusa su a safa ko wutsiya don su yi kumburi. Wannan gargaɗi ya shafi gemun tashe ma.

Ka zaunar da yaron ka koya masa tun kafin ranar: in wuta ta kama tufarsa kada ya gudu, gama gudu iska ya ke ba ta. Ya tsaya, ya faɗi ƙasa, ya rufe fuska da hannu, ya yi ta birgima. Ka sa ya gwada a gabanka sau biyu ko uku kamar wasa. Babba na kusa kuwa ya lulluɓe shi da bargo ko ya kwara masa ruwa. In wuta ta mutu, a yi ta zuba wa ƙunar ruwan sanyi mai tsabta har minti 20, ba ƙanƙara ba. Kada a shafa manja, ko ƙwai, ko gishiri, ko toka. Ƙyallen da ya manne a fata kada a fizge shi. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai shi asibiti.

Ka fara aikin nan da saura kwana 4 ko 5, domin gam ya bushe, ka kuma sami damar gyara. Ka ba yaron abin da zai iya, kamar zagaye murfi da fensir da tuƙa wutsiya, almakashi da basilla kuwa su zauna a hannunka. Ana gobe biki ka sa masa kayan duka, ka ce ya yi gudu daga zaure zuwa ƙofar ɗaki, ya yi tsalle, ya tsuguna, ya sunkuya ya ɗauki dutse. Abin da ya faɗi ka ƙara masa ɗinki, abin da ya matse ka sassauta. In ya ce hula tana cizonsa a goshi, ka sa ninkin ƙyalle mai laushi ta ciki. Da dare ka rataye hular a kan ƙusa nesa da raɓa, kada ka ajiye ta a ƙasa, gama ɓera na gaske yana son kwali da ƙaro.